Abin Da Babu a Akwatin Baba

Zuwa ga Yayana Zaharaddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Zulaiha da yara, a Fatakwal ɗinku da ruwa ba ya ɗaukewa. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Mafara da sauƙi, sai ƙafar Inna da ta sake kumbura. Ihsan da Auwalu, marayun Yaya Muntari, suna ta girma a gaban Baba. Na gwammace in rubuto, don in na ji muryarka a waya kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Maganar inshorar rai da ka ce in yi wa Baba, na yi, kuma da na sani da ban yi ba. Na san don yaran nan ka kawo ta, tunda ranar da Baba ya kwanta dama ba su da kowa. Ka san shanu su ne inshorarmu tun kaka da kakanni, kuma tun ranar da ɓarayin daji suka kore su daga bayan Dakko suka kashe Muntari, babu ko ɗan maraƙi. Ga Baba ya haura saba'in, amma har yau yana bin hanyar Maradun sayo wa mahauta dabbobi. Na ce ya huta, ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, wai ni ce zan ciyar da gidan da albashin koyarwa?

Na zaci zai ce haramun ne. Bai ce ba, don malaminsa na Bakura ya gaya masa akwai irin ta Musulunci, takaful. Har tabarma ya shimfiɗa wa ma'aikacin kamfanin inshorar da ya zo daga Gusau, ya saurare shi tsaf kamar mai cinikin sa. Sannan ya tambaya ko in an sace shi a hanya yana raye za su taimaka. Mutumin ya ce a'a, sai bayan rasuwa, kuma sai an kawo takardar likita mai shaida mutuwar. Baba ya yi dariyar da ban so ba. Ya ce mu nan wanda ya cika da hantsi kafin la'asar yana makwancinsa, wa ya tsaya neman likita? Ya ce a nuna masa wanda ya rubuta wa Muntari takarda. Daga ƙarshe ma mutumin ya duba shekarunsa ya ce da wuya kamfaninsu ya karɓe shi. Ashe duk wahalar banza muka yi, Yaya.

Da baƙon ya tafi, Baba bai yi faɗa ba, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai. Cewa kawai ya yi ashe har mun fara shirin bayansa, to madalla, shi ma zai yi nasa.

Ka tuna likkafanin da ya zo da shi daga Makka, wanda ya jiƙa da zamzam ya adana a ƙasan akwati? Jiya na buɗe don in shanya kaya, ban gan shi ba. Inna ta ce tun ranar yake saka shi a jakarsa duk sa'ad da zai hau hanyar Maradun, wai don kada ya ɗora wa wanda ya tsince shi nauyi. Ihsan ce ke miƙa masa jakar da safe, ba ta san abin da ke ciki ba.

Ka bar zancen inshora, ban ga ranarta ba. In da hali ka zo ka gan shi kawai. Inna tana gaishe ka, Baba ya ce a sa maka albarka. Ka gaida Zulaiha da Hikima da ƙaramin Nuruddeen. Jibi ma Baba zai tafi Maradun, ka sa shi a addu'a.

Taka ƙanwa,
Husaina