Baba, Akwatin Wa Ka Bar Mana?

Assalamu alaikum Baba. Gaisuwa da girmamawa daga 'yarka Sa'adatu, tare da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa.

Ruwan bana ya ci bangon ɗakinka na Gwaram. Da muka je kwashe kaya, a ƙarƙashin gadonka muka jawo akwatin ƙarfen nan da ka hana mu taɓawa tun muna yara. Ka tuna abin da kake cewa in mun leƙa? “Ku bar shi, ajiyar mutane ce.” Iyakar abin da muka taɓa ji daga bakinka ke nan.

Mun buɗe shi. A ciki akwai kwalaben gilashi a tsaye kamar ƙwan fitila, da wayoyin tagulla a nannaɗe, a gaba kuma agogo biyu masu allura. Babu suna, babu lamba. Sai ƙananan huji huɗu a inda aka cire tambarinsa.

Yaya Mudi ya ce a miƙa wa 'yan gwangwan a huta. Liman kuwa ya ce ajiya ba ta shiga rabon gado, sai an nemi mai ita, kuma nauyin yana kanka har ta koma hannunsa. Tun da na ji wannan maganar na kasa zama wuri ɗaya, Baba. Ina tsakiyar koyarwa sai in ga na tsaya da alli a hannu.

Na tambayi Inna. Ta ce, “Da akwatin na same shi. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.”

Na sa aka ɗora shi a a-kori-kura zuwa Birnin Kudu, wurin Malam Isyaku mai gyaran rediyo. Ya daɗe yana juya shi, yana hure kwalaben, waɗanda ya ce bawul ake kiransu. Ya nuna mini babba daga ciki, da ramin makirfo, da inda ake ɗaura eriya. Ya ce, “Malama, wannan ba na saurare ba ne. Na aika magana ne, kakan oba-oba.” Ƙasar da ta ƙera shi kam, ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai sani ba. Ya kuma ja mini kunne in daina yawo da shi a zamanin nan.

Na yaɗa hoton akwatin a waya. Wani ya ce na soja ne, wani ya ce na jirgin ƙasa, wani ya ce in jefa shi rijiya. Kai da ko gaisuwa sai an matso ake jin muryarka, me ya haɗa ka da na'urar magana?

Sai na tuna da Baffa Jauro, amininka na Dingaya. Idonsa ya tafi, amma da na kwatanta masa akwatin, sai ya gyara zama. Ya ce kana saurayi ka bi ayarin masu allurar shanu, kai ke ɗaukar kayan wani baƙo ɗan kudu, wanda ke kiran hedikwata daga ruga da wannan akwati. Shekarar da aka yi tashin hankali baƙi suka watse, kai ka raka shi ta cikin dawa har bakin titi. Shi ya kwance tambarin da hannunsa don kada a kama ka da kayan hukuma, ya bar maka akwatin ajiya, ya ce zai dawo.

Na ce, sunansa fa? Baffa ya ce su dai Mai Waya suke ce masa.

Baba, ta ina zan fara? Ban san garinsu ba, ban san ko ya isa gida ba. Na dai gaya wa Yaya Mudi ba za a sayar ba, har yanzu ba ya amsa gaisuwata. Akwatin yana ɗakina, kuma hotonsa zai ci gaba da yawo har ya faɗa idon wanda ya san mai shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sauke maka wannan nauyi Ya ɗora mini. Mai Waya kuma, in ya bar zuriya, Allah Ya haɗa ni da su.

Taka,
Sa'adatu