Albasar Bature

Gidan Yuguda, ƙasar Zakirai
24 ga Maris, 1974

Zuwa ga ƙanena Iliyasu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Fadima da yara. Bayan haka, ba daɗi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Rijiyarmu ta ƙafe. Mun ƙara mata gaba biyu, ko laka ba mu tarar ba. Yanzu sai na kora jaki tafiyar rabin yini kafin in samo garwa biyu. Gidan Nababa sun tashi, gidan Basiru ma sun bi su. Na ce wa Inna ta shirya in sa ta a mota ta zo wurinka Jos har Allah ya kawo damina, ta ce ko da igiya ba za a ja ta ba.

Dalilin kuwa furen nan ne na Baba, firisiya, da ya zo da irinsa lokacin da yake aikin lambun Turawa, wanda mutanen gari ke kira albasar Bature. Ya dasa shi a garkar bayan gida sati biyu kafin ya rasu. Ni na riƙa ba shi ruwa, da sanyi ya yi fure, fari da ruwan ɗorawa, ƙamshi har zaure. Ka san shekara ashirin Baba yana yanko shi ya kai mata ɗaki a moɗa, ita ba ta taɓa taka garkar ba sai yanzu da ta fita takaba. Ta tarar ganyen ya fara bushewa, shi ke nan hankalinta ya tashi.

Ruwan shanta take rabawa biyu, ta juye masa rabi. Leɓenta duk ya tsage. Na ce mata abin da ba a tuwo da shi ba a miya bai kai a yi masa haka ba. Sai ta ce, "Shi ne abu na ƙarshe da hannun ubanku ya taɓa. In na bar shi ya mutu da ƙishi, da wane ido zan dube shi gobe kiyama?"

Tsoro nake ji, Iliyasu. Kai ne ɗan lelenta, ka rubuto mata ko ta ji taka.

Yayanka,
Usaini

2 ga Afrilu, 1974

Iliyasu,

Bayan gaisuwa. Na jira amsarka shiru, kuma ka san halina, ba a raba ni da gaggawa.

Ranar Talata Inna ta shiga maƙwabta gaisuwar mutuwa. Na ɗauki fartanya na tone garkar tas. Na ce in babu furen ai babu abin da zai riƙe ta. Na tara ƙwayoyin a ƙwarya zan watsar a juji, hannuna ya ƙi, sai na jefa su cikin rumbu, tunda dama ba kowa a ciki sai gizo-gizo. Da ta dawo na ce mata awaki ne suka yi ɓarna.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon wurin, ta shige ɗaki ta juya fuska bango. Yau kwana bakwai ke nan, kunu sai da magiya take kurɓa, kuma ko na gaishe ta ba ta amsawa. Maganar tafiya ban ma ga fuskar tayar da ita ba. Garin neman gira na rasa ido. In wani abu ya sami tsohuwar nan, ni ne.

Usaini

Jos
10 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga Yayana Usaini,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, ina gaida Inna da dukan mutanen gida. Allah ya kawo mana sauƙin wannan shekara.

Takardunka biyu rana ɗaya suka same ni, na karanta. Yaya, laifin nawa ne, ni da na gaji sana'ar Baba ban taɓa yi muku bayani ba. Furen nan ba kamar gero yake ba. In ganyensa ya bushe bayan ya gama fure, ba ƙishi yake ji ba, hutawa zai yi. Daga lokacin ba a sake ba shi ruwa, don ruwa ruɓar da ƙwayar yake yi. Tone ta ake yi, a shanya a inuwa, a binne cikin busasshen yashi a tukunya, sai kaka ta zagayo a mayar ƙasa. Haka Baba yake yi duk shekara. Tukunyar nan da ke ƙarƙashin gadonsa, da kuke zaton irin wake ne, ita ce.

Ka shiga rumbun yau. Ka matsa kowace ƙwaya da yatsa: mai tauri tana da rai, mai laushi ta tafi. Sannan ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ko da yake kai ne babba. Ka kai mata da hannunka, ka gaya mata gaskiya. A nan akwai sanyi da ruwa, na ware wa Inna wurin dasa furen a bayan ɗakina.

Ƙanenka mai biyayya,
Iliyasu

19 ga Afrilu, 1974

Iliyasu,

Gaisuwa. Na shiga rumbu. Cikin ƙwaya arba'in, tara ne masu tauri.

Na durƙusa a bakin gadonta na faɗi abin da na yi, na karanta mata takardarka, amma na tsallake layi ɗaya. Ta ce, "Dama na sani. Tun yaushe akuya ta fara tono da fartanya?" Ta karɓi taran ta shinshina, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce a dama mata kunu.

Motar Laraba za ta hau, ka tarye ta a tasha. Ta tambaye ni ina sauran, na ce fartanyata ce ta sare su, kuma har yanzu ba ta kallon fuskata. Na yarda ta tafi da fushina. Ban gaya mata ruwan da ta hana bakinta ne ya ruɓar da su ba. Don Allah kai ma kada ka gaya mata.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Usaini