Goron Sarkin Ruwa

Baban Zulai,

Na wuce makaranta, ban tashe ka ba. Kununka na cikin fulas.

Jiya Inna ta kafe, jikokinta ba za su je wurin wasan ruwan nan na Kano ranar Asabar ba. Wai ruwan da ba shi da Sarkin Ruwa, wa za a kira in ya riƙe yaro? Zulai ta sha kuka har ta ƙi tuwo. Da na gaji da lallashi, sai na ce wa Inna ai akwai Sarkin Ruwa a can, wani mai usur da ke lura da masu iyo bisa doguwar kujera. Ta yarda, har ta ƙulle masa goro.

Don Allah kar ka ƙaryata ni. Da ita za a je, kuma kai za ka durƙusa ka miƙa masa.

Barira