Yaya Ya Dafa Mini Tumatir

Gwiwa, daren Lahadi, Yuni 1978

Raina a ɓace yake, tuwo ma na kasa ci. Na lanƙwasa tsumagu, na rufe kunyoyin tumatir da leda don kada ruwan damina ya doke dashen. Da gangan nake barin bakin ledar a buɗe iska ta ratsa. Yau ina kasuwar Roni, Yaya Sule ya ga kaji na shiga, sai ya bi yana toshe bakunan ledar da ƙasa. Rana kuwa ta ƙwalle. Da na buɗe da la'asar, tururi ya bugi fuskata, dashen duk ya kwanta kamar lalo a tukunya.

'Yata Hadiza ta leƙa ta ce, "Baba, gishiri kawai ya rage."

Ga ƙarshena ke nan, ni mai wayon malamin gona da karatun aji huɗu.

Abin haushin, Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Durƙusawa na yi na ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Ya ce, "Ba komai, Ado. Kunya ɗaya ce ban kai gare ta ba, gobe zan ƙarasa maka."

A bakin ledar nan zan yi sallar asuba.