Bargon ƙanena ya fito a fim

Malamin da ya koya mini karatu ya ɗauki asirin ƙanena ya yi fim da shi, kuma ban yafe masa ba. Da wannan na fara kafin sallama. To, assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Mai niyyar zagina ya dakata ya ji ƙarshe, don duk abin da zai ce mini na riga shi faɗa wa kaina.

Dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, nake sayarwa a unguwar Lamorde ta Yamai, kan hanyar ɗalibai. Sai da na aurar da ƴata ta fari sannan na shiga lakwal ɗin manya, makarantar yaƙi da jahilci, bayan la'asar. Malaminmu ɗalibin iniversite ne, ɗan Tawa, mai ladabi, Tanti yake ce mini. Ƙanena kuwa, bari in ce masa Sale ko da yake ba sunansa ba ne, wanki yake yi a bakin kogi. Shekarun baya akwai masu tsallako da ƙwayar tramol cikin kwale-kwale, a ƙarƙashin buhunan shinkafa, kuma kowa a bakin ruwan ya sani ya yi shiru. Sale bai yi shiru ba. Akwai wani ɗan sanda mai farin kaya da ke shigar masunta yana zama a ɗaya gaɓar. Ranar da kaya za su iso, Sale sai ya wanke wani tsohon bargo rawaya ya shanya shi bisa wani kwale-kwale da aka kife, ɗan sandan ya hango daga can. Shi ke nan, babu magana, babu salula. Abokan wankinsa har tsokanarsa suke yi, wai wane ne wannan mai bargo da ba ya zuwa karɓar kayansa? Da haka aka kama mutane, wasu suna kurkuku har yau, amma manyansu suna nan cikin gari suna shan iska a moto. Ni na sani ne don wata rana na ɗauke bargon zan shimfiɗa wa baƙuwa, ya zo gidana ya faɗa mini dalili, ya sa na rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba. Na rantse.

To me ya buɗe bakina? Girman kai, ba wani abu ba. Wata rana an tashi daga karatu ina haɗa kwanukana, Malam yana ba ni labarin fim ɗin da suke shiryawa shi da abokansa, na ƴan sandan ciki da masu kai musu rahoto. Sai ya ce a Yamai ba za ka samu talaka mai irin wannan zuciyar ba, mutanen bakin kogi duk matsorata ne, a ba su shayi su rufe ido. Raina ya tafasa. Na ce, "Malam, kai da ka zo jiya, me ka sani a kogin nan?" Na zauna na zazzage masa komai, har launin bargon. Ya ce, "Tanti, wannan tsakanina da ke ne." Na koma gida ina jin daɗi wai na rufe bakin mai ilimi.

Fim ya fito, ana tura wa juna a salula, babu fadar samari da ba a kalle shi ba a kartiyenmu, unguwar kaf. Ga mai wanki, ga kwale-kwale a kife, ga bargo rawaya. Ko launin bai canza ba. Da ya mai da shi kore, hannunsa zai karye? Da ya ce mai facin taya ne, wa zai kama shi? Kuma a ƙarshen fim ɗin an ɗaure mai wankin an jefa shi a ruwa, ana kiɗa mai ban tausayi. Na sami Malam a ƙofar aji na ce, "Ka san mutumin nan yana da mata da ƴaƴa?" Ya ce ai bai ambaci suna ba, kuma fim ɗin girmama irin su Sale ne. Wai girmamawa. Ya ƙara da Zabarmancin da ya tsinta a nan, wai kala suru, in yi haƙuri. Na ce ya riƙe haƙurinsa, shi da zai ɗauki takardarsa ya koma Tawa ya bar mu da gawa. Tun ranar ban sake taka lakwal ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Sale. Ya ga fim ɗin, kuma murna yake yi. Ya ce mini, "Yaya, ai ofisan nan ne ya ba su labari. Wa ya sani in ba ni da ke da shi ba? Kuma ba zai bari a nuna ba sai ya tabbata an gama da mutanen." Ya dube ni ido cikin ido ya faɗi haka, ko kusa bai kawo ni a ransa ba. Na ce ya je Maradi wajen kawunmu ya huta kwana biyu, ya yi dariya ya ce wa zai wanke kayan mutane? Kullum yana bakin ruwa, bayansa a buɗe, ya ɗauka hukuma na tsaronsa. Babu mai tsaronsa. Ofisan ma an daɗe da mai da shi wani gari.

Jiya da rana wasu maza biyu da ban taɓa gani ba suka tsaya a rumfata da moto. Suka ci dambu, suka yaba yajin. Da za su tafi ɗayan ya goge hannu ya ce, "Madam, ina ƙanenki mai bargo? A gaishe shi, mun ga fim ɗinsa."

Yau da sassafe, Sale na fita, na shiga gidansa na ce wa matarsa gwaggonmu ta Tondibiya na kwance rai a hannun Allah. Ƙarya ce, gwaggo lafiyarta lau. Na sa ta a taksi ita da yaran, na tsaya har suka sha kwana. Saura shi. Ba zai gudu ba sai ya san ba ofisa ne ya yi magana ba, ni ce, ni da na goya shi a bayana. In na faɗa, na san halinsa, ba zai ƙara ce mini Yaya ba, kuma yana iya cin kwalar Malam a bainar jama'a ya ƙara tona kansa. In na je komisariya wajen ƴan sanda, wa zan samu a kan teburin, kuma da wa yake shan shayi? Ba wa'azi nake nema ba, kada wani ya rubuto mini cewa mace ta riƙe bakinta. Yanzu haka yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana bugun rigunan mutane a kan dutse, azahar kuma zai taso ya tarar da gida babu kowa, ya zo ya tambaye ni. Kafin ya iso, me zan yi?