Bahon da Ya Ɓantare

Kai da ka buɗe littafin nan, rufe shi. Ba naka ba ne. Karanta sirrin wani sata ce, kuma Allah yana ganinka ko ni ban gani ba.

Litinin, 7 ga Agusta, 1978
Bahon wanka ya ɓantare. Farin ya tashi a ƙasansa, baƙin ƙarfe ya bayyana. Bahon da Baban Dina ya sayo a gwanjon Turawan kuza, babu irinsa a duk unguwarmu ta Rikkos. Dina ce ta yi wanka a ƙarshe. Shekararta goma sha biyar, ta dubi idona ta ce, "Mama, ba ni ba ce." Bulala shida. Biyu don baho, huɗu don ƙarya.

Talata, 8 ga Agusta
Taron zumuntar matan coci a gidana. Na tsayar da Dina gabansu, na ce na haifi maƙaryaciya, su yi mata addu'a. Ko hawaye babu. Taurin zuciya.

Alhamis, 10 ga Agusta
Dina ta kwashe kayanta ta tafi wurin Gertrude, ƙanwar babanta, a Tina Junction. Babanta ya ce, "Firisila, kin tabbata kuwa?" Tun yaushe nake magana ban tabbata ba? Wurin da bahon ya ɓantare ya fara tsatsa.

Asabar, 12 ga Agusta
Na shafa wa bahon ragowar fentin ƙofa. Ruwa na taɓa shi ya saɓule. Gertrude ta aiko wai Dina ba ta cin abincin kirki, wai ba za ta dawo ba sai an janye kalmar a gaban waɗanda suka ji ta. Yarinya ta kafa wa uwa sharaɗi! Me na rage wajen tarbiyya? Gidan ya yi shiru da yawa.

Talata, 15 ga Agusta
An kawo Haladu, mai gyaran jikin mota. Ya durƙusa yana goge tsatsar, sai ya tsaya.
"Maman Dina, akwai tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku a gidan nan?"
Na ce ina ruwanta da aikinsa.
"Ai tabon ba ɗaya ba ne. Ga biyu nan, ba su kai ga fashewa ba. Kawo ta mu gani."
Na kawo. Ya ɗora. Kowace ƙafa ta zauna a kan nata tabon. Ya yi dariya, wai ko tela bai iya awo haka ba.
A cikinta nake tafasa ruwan wanka saboda sanyin daminar nan. Na hana yara taɓa ta tun suna ƙanana. Ni kaɗai nake ɗauka. Ranar Lahadi waccan, ina saurin zuwa sujada a coci, ta yi mini nauyi na dire ta a cikin bahon. Na ji ƙarar ma.

Laraba, 16 ga Agusta
Na durƙusa addu'a, na tashi ban kai ga amin ba.

Asabar, 19 ga Agusta
Haladu ya like wurin da abin da suke like mota, ya fesa fenti. Kada ruwa ya taɓa sai Laraba. Na je Tina Junction. Dina na tsince acca a tsakar gida. Duk abin da na shirya a hanya, bakina ya ƙi. Na ce, "An gyara bahon." Ta ce, "To, Mama," ba ta ɗago ba. Ni kaɗai na dawo.

Talata, 22 ga Agusta
Zumunta. Na tashi na ce an gano tukunya ce ta fasa bahon. Roseline, 'yar zumuntarmu da bakinta ba ya zama wuri ɗaya, ta ce, "Ikon Allah! Da ƙafafunta ta shiga? Tukunyar wa?" Na ce tawa ce, ni na ɗauke ta, ɗiyata ba ta yi ƙarya ba.
Gertrude ta ce za ta gaya wa Dina. Ban san ko za ta zo ba. Na canza zanen gadonta, dama ya isa wanki.
Na tara yaran da yamma na faɗa musu: daga yau, duk wanda aka zarga a gidan nan ya ce ba shi ba ne, ba mai ɗaga masa hannu ko murya sai an yi kwana uku ana bincike. Ko wane ne mai zargin.