Ƙorafi Kan Kwalbar Sunaye Da Za A Binne Ƙarƙashin Kankare

Daga:
Matar marigayi Kafinta,
Gida mai lamba 14, Layi na Uku,
Tsohon Ɓangaren Rukunin Gidaje.

Talata, 12 ga Maris, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Bishop,
Ta hannun Sakataren Dayosis,
Ikilisiyar Angilikan.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RUSHE TSOHUWAR MAJAMI'ARMU DA SHIRIN ZUBA KANKARE A KAN KWALBAR SUNAYEN WAƊANDA SUKA KAFA TA

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan Mai Girma da iyali suna cikin ƙoshin lafiya. Ni tsohuwa ce mai shekara saba'in da takwas. Rubutu a ajin yamma na zumuntar mata na koye shi, kuma an daɗe da shaida ta da yawan magana, don haka a yi haƙuri da ni. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba sai yau.

Mai Girma ya san majami'armu a yadda take yanzu, da bene da tagogin gilashi. A shekarar 1986 da muka tare, layi huɗu ne kaɗai a rukunin nan, bayansu duk gonaki. Gida tara ne muka soma sujada a rumfar aikin maigidana. Ranar Asabar mu share garin katako, ranar Lahadi mu zauna a kan bencinan da ya yi wa mutane kafin masu su su zo ɗauka. Katikis, wato malamin da ke jagorantar sujadarmu, a kan keke yake zuwa mana, wando a ɗaure da igiya. Da muka yi yawa aka ba mu fili. Maza suka buga bulo, mu mata muka yi ta jidon ruwa daga rafi har gashin tsakar kanmu ya ƙare. Ranar Lahadi, 7 ga Mayu, 1989, aka aza harsashi. A shekarar 2011 kuma aka fara babban ginin nan, aka kewaye ƙaramar da shi, muka ci gaba da sujada a cikinta shekara goma sha uku, ana aiki a saman kanmu.

Cikin ladabi, ga abubuwan da suka dame ni:

1. Ranar Laraba, 21 ga Fabrairu, 2024, kwamitin gini ya sa aka rushe ƙaramar majami'ar. Mun san dama za a rushe ta, ba wanda ya ce a bar ta. Amma ba a sanar ranar Lahadi ba, ba a yi mata addu'ar sallama ba. Na zo share-share ranar Alhamis da tsintsiyata, na tarar da fili fayau a tsakiyar babban gini. Bulon da muka buga kuwa an kwashe an cike ramukan wajen ajiye motoci. Na tsaya na rasa inda zan share.

2. Wannan shi ne babban. Ranar aza harsashi, Katikis ya rubuta sunayenmu mu arba'in da uku a doguwar takarda. Mai iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa da shunin wanki, jarirai kuma aka dangwala tafin ƙafarsu. Aka naɗe takardar aka sa a kwalba, aka toshe bakin da kakin kyandir, aka binne ta a inda bagadi, wato teburin tarayya na gaban majami'a, zai zauna. Na shaida wa shugaban kwamiti, wato Injiniya, wannan magana tun ranar 25 ga Fabrairu. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya sa leburori sun haƙa. Sai dai a inda ya san bagadi yake suka haƙa, ba su ga komai ba. Ranka ya daɗe, ba nan ba ne. A 1995 hukuma ta yanka sabon titi ta bayanmu, tsohuwar hanyar shigowa kuma aka yi gidaje a kanta. Dole muka juya majami'ar: aka fasa ƙofa a bangon bagadi, aka mai da bagadi inda ƙofa take. Maigidana ne ya ciccire katakon da hannunsa. Saboda haka kwalbar tana binne dab da dokin ƙofar da duk muka yi shekaru muna takawa, taku biyu daga ciki, ta hannun hagu. Injiniya a 2008 ya tare a unguwar nan, ba laifinsa ba ne da bai sani ba. Laifin shi ne da aka gaya masa bai saurara ba.

3. Ranar Lahadi, 3 ga Maris, bayan sujada, na nemi a ba ni minti biyar a zaman kwamiti. Aka ba ni kujera, aka kawo mini ruwan sanyi, aka yi ta kira na Kaka. Da na fara bayanin titin 1995, wani ɗan kwamiti, wanda ni na goya uwarsa ranar da aka yi mata baftisma, ya ce cikin raha wai shekaru sun sa gabas da yamma sun cakuɗe mini. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ce tsohuwa ta yi fushi a ɗakin Allah. Rabaran ɗinmu, wato limamin majami'ar, yaro ne mai kirki, wata takwas ke nan da kawo shi, ya raka ni har bakin ƙofa yana ba ni haƙuri, ya ce aikin yana hannun kwamiti. Daga cikin mu arba'in da ukun nan, huɗu muka rage. Tsohon Direba ya makance. Malama Nas tana wajen ɗanta a nesa. 'Yar Tela kuwa jaririya ce a lokacin. Wa zai tsaya mini shaida?

4. An riga an sassaƙa allon dutse da Mai Girma zai buɗe ranar keɓe ginin. Na gan shi a jingine a ofis. An rubuta cewa an kafa wannan majami'a a 2011. Shekara ashirin da biyar na sujadarmu ba a san inda aka kai su ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kwamiti ba, don ba na son yin kuka a gaban sa'annin 'ya'yan cikina. A cikin ƙafafun jariran nan akwai ta autata. Watanta biyar a ranar. Ƙyanda ta ɗauke ta kafin ta cika shekara uku, ba mu kuwa taɓa ɗaukar ta hoto ba. Makabartar da aka sa ta ma yanzu shaguna ne a wajen. Wannan shuɗin tafin ƙafa shi ne kaɗai abin da ya rage nata a duniya. Ban taɓa neman a tono mini shi ba, don na san inda yake, ina wucewa ta kansa kowace Lahadi. Yanzu kuwa an sanar cewa ranar Litinin, 18 ga Maris, da ƙarfe bakwai na safe, za a zuba kankare mai kauri a daɓen gaba ɗaya, a bi shi da tayil. In aka yi haka, ba mai sake fasa shi saboda maganar wata tsohuwa.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma, da girman Allah:

A ba da umarni a dakatar da zuba kankaren na yini ɗaya tak. A ba ni lebura ɗaya da diga, a gaban Rabaran da Injiniya, in nuna wurin. In an haƙa ba a samu ba, zan tashi a gaban jama'a ranar Lahadi in nemi gafarar kwamiti, ba kuma za a ƙara jin bakina ba. In an samu, a karanta sunayen nan da ƙarfi sau ɗaya, a bar ni in ga takardar da idona, sa'an nan a mai da ita ƙarƙashin sabon bagadi. Allon dutse kuma a gyara shekararsa.

Na san ofishin Mai Girma takardu sun yi masa yawa, wataƙila wannan ba za ta iso gabansa kafin Litinin ba. Don haka nake sanar da shi tun yanzu, kada ya ji a bakin wani: ranar Litinin tun ƙarfe shida zan je da 'yar kujerata da littafin waƙoƙina in zauna a daidai wurin. Ba zan zagi kowa ba, ba zan riƙe shebur ɗin kowa ba. Ina roƙo kada a ɗauki wannan a matsayin rashin biyayya ga ikilisiya. Zama kawai zan yi, har amsar Mai Girma ta same ni a can.

Ubangiji ya ƙara wa Mai Girma lafiya da hikimar kiwon garkensa.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Matar marigayi Kafinta,
wadda 'yan majami'a ke kira Kakar Layi Uku.